Sanin Mutane da Ci Gaban Aiki a Abuja: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan su ne suke ta dawowa daga bakin 'yan bautar ƙasa, sababbin ma'aikata, da waɗanda suka daɗe a kujera ɗaya babu motsi. An fara da na mai shigowa gari, aka gangara zuwa masu ɗan sarƙaƙiya.

Na zo Abuja neman aiki, ban san kowa ba. Daga ina zan fara?

Da wuya a ce ba ka san kowa ba. Abin da kake nufi shi ne ba ka san wani babba ba. Abuja gari ne na baƙi: sai a watan Disamba na 1991 gwamnatin tarayya ta tare a nan daga Legas, don haka in ka cire Gbagyi da sauran 'yan asalin yankin, kusan duk wanda ka gani a Sakatariyar Tarayya ko a Wuse shi ma zuwa ya yi, kuma wani ne ya kama hannunsa. Ɗauki biro ka rubuta 'yan ajinku na sakandare da na jami'a da suke nan, da 'yan garinku, da mutumin da kuke sahu ɗaya a masallacin unguwa a Kubwa ko Lugbe. Za ka sha mamakin yawansu.

Daga nan sai ka fara zagayen gaisuwa, ka bar CV a gida tukuna. Ka gaya wa kowa abin da ka karanta da abin da hannunka ya iya, a taƙaice, domin in maganar gurbi ta taso a ofishinsu ya san abin da zai faɗa a kanka. "Kowane irin aiki ma zan yi" tana ɗaure hannun mai son taimakonka, don bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Amma "na karanta akanta a Jami'ar Jos, na iya shirya albashi da Excel" magana ce da mutum zai iya ɗauka ya kai gaba.

Wannan ba kamun ƙafa ba ne aka yi wa kwalliya?

Kamun ƙafa shi ne ka nemi a ba ka abin da ba ka kai ba, ko a tsallake wanda ya fi ka albarkacin wani. Abin da ake magana a nan shi ne mutane su san ka, su san aikinka, yadda in dama ta fito za su tuna da kai, su kuma ambaci sunanka ba tare da fargabar za ka ba su kunya ba. Na farkon babban mutum guda yake buƙata. Na biyun yana buƙatar mutane da yawa da suka ga yadda kake aiki da idonsu.

Ba za a ɓoye ba, alfarma tana aiki a garin nan, kowa ya san wanda 'yar takarda daga wani babba ta shigar. Sai dai darajar irin wannan mutum tana rataye ne da kujerar wanda ya kawo shi, kuma kujerun Abuja ba sa daɗewa a hannu ɗaya. Ana zaɓe duk shekara 4, ana sauke ministoci, kuma mafi yawan ma'aikatan gwamnatin tarayya suna ritaya da zarar sun cika shekara 60 da haihuwa ko 35 suna aiki. Ranar da maigidan ya tafi, shaidar abokan aiki ce kaɗai za ta rage maka.

Wa ya fi kawo labarin aiki, aminina ko wanda muke gaisawa sama-sama?

Sau da yawa na biyun. Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya yi bayanin haka tun a 1973: cikin waɗanda suka sami aiki ta hanyar wani, da yawa labarin ya zo musu ne daga mutanen da ba su cika haɗuwa da su ba. Dalilin a fili yake. Kai da amininka majalisarku ɗaya, abin da ya ji kai ma ka ji. Shi kuwa wanda sai a ɗaurin aure kuke gamuwa, ko a jirgin ƙasa tsakanin Idu da Rigasa, yana cuɗanya da wasu mutane daban, yana jin abin da bai iso kunnenka ba.

Saboda haka kada ka bari irin wannan sanayya ta mutu. Barka da salla, taya murnar ƙarin girma, zuwa ta'aziyya da ƙafarka, su ne suke raya ta. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ka yi shekara uku ba ka neme shi ba, sai ga ka da buƙata, zai amsa gaisuwarka amma ya riga ya gane.

Dole ne sai na fita daga cikin 'yan uwana Hausawa?

Dole ne, in dai ci gaba kake so. A nan ne matasanmu da yawa suke cutar kansu: a ofis teburinsu ɗaya, cin abinci tare, hira da Hausa, a tashi a koma unguwa ɗaya. Alhali kwamitin da zai zauna kan ƙarin girmanka ko tura ka kwas ya haɗa Bayarabe da Ibo da Tibi da ɗan Neja Delta, kuma wanda bai taɓa jin muryarka ba ba shi da abin da zai ce a kanka. Waɗanda suka taso a Jos sun fi saurin gane wannan, don tun suna yara suke zaune da kowa. In abokin aikinka ya yi rashi ko bikin aure, ka je ka gaishe shi, ka sa hannu a karo-karon ofis. Wannan bai taɓa addininka ba, kuma ana riƙe shi a rai.

Ina bautar ƙasa a Abuja. Me zan yi da shekarar nan?

Shirin NYSC, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, yana ba ka abin da ba za ka sake samu cikin sauƙi ba: izinin shiga ofis kullum har kusan shekara guda ba tare da an tambaye ka wa ya aiko ka ba. Matsalar ita ce a ma'aikatu da yawa ba a ba ɗan bautar ƙasa aiki, sai ya zauna yana latsa waya har a tashi. Kai ka nemi jami'in da fayiloli suka yi wa yawa, ka ce, "Yallaɓai, akwai abin da zan rage maka?" Rubuta bayanin taro, tsara takardu, gyara jadawali a kwamfuta: ƙananan ayyuka ne, amma ta nan ake gane mai hankali.

Kada ka sa rai da yawa cewa ma'aikata za ta riƙe ka, domin ɗaukar masu digiri a ma'aikatun tarayya yana hannun Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Tarayya ne, ba daraktanka ba. Kamfanoni da ƙungiyoyi masu zaman kansu sun fi sakin hannu a nan. Abin da za ka tabbatar ka fita da shi shi ne takardar shaida daga wanda ka yi aiki a ƙarƙashinsa, tun kana gabansa, da kuma lambobin waɗanda kuka yi mako 3 tare a sansanin Kubwa. Nan da shekara goma suna warwatse a bankuna da ma'aikatu da asibitoci.

Ƙungiyoyin sana'a suna da tsada. Sun cancanci kuɗin?

Ya danganta da yadda ka shige su. Akantoci suna da ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, da ANAN mai kwalejinta a Kwall kusa da Jos. Injiniyoyi suna da NSE tun 1958, lauyoyi NBA, likitoci NMA, 'yan jarida NUJ, masu kula da ma'aikata CIPM. A wasu sana'o'in takardar ƙungiyar tana da nauyi wajen ɗauka da ƙarin girma, to wannan ba sai an yi gardama ba. Amma wanda ya biya kuɗin shekara, ya zo taro ya zauna a baya, ya karɓi jaka da abinci ya tafi, takarda kawai ya saya.

Amfanin yana cikin kwamiti. Reshen kowace ƙungiya yana fama da ƙarancin masu yin wahala: mai rubuta bayanin taro, mai bin masu jawabi, mai tsaya wa rajista. Matashin da ya ɗauki wannan, cikin wata shida zai yi magana da manyan sana'arsa fiye da yadda zai yi a shekara biyar a ofis, kuma suna ganinsa ne yana aiki, ba yana roƙo ba. Haka ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai. Manya ma ba su raina wannan hanya ba: dubi yadda waɗanda suka yi kwas a cibiyar nazarin manufofi da dabarun ƙasa (NIPSS) ta Kuru kusa da Jos, da aka kafa a 1979, suke maƙala "mni" a bayan sunansu suna kuma riƙe juna.

Na ga babban mutum a taro ko a masallaci. Yaya zan tunkare shi?

Ka tsaya wata Juma'a a harabar Babban Masallacin Ƙasa bayan an sallame. Za ka ga an yi wa wani babba zobe, kowa da ambulan ruwan ƙasa a hannu. Yana karɓa yana miƙa wa na bayansa, na baya ya miƙa wa direba, direba ya jibge a kujerar gaba. Ko fuska ɗaya bai riƙe ba. Kada ka zama ɗaya daga cikinsu.

In taron sana'a ne kuma ya yi jawabi, ka jira cunkoso ya ragu, ka gaisa, ka faɗi sunanka da inda kake aiki, sannan ka kawo abu ɗaya daga jawabinsa: "Ranka ya daɗe, abin da ka faɗa kan kasafin kuɗi ya shafi aikin da nake yi, akwai wurin da nake son ƙarin haske. Wa zan gani a ofis don a sa mini lokaci?" Minti ɗaya ya isa. Ka ba shi abin da zai iya amsawa a tsaye, ka kuma nuna ka san yana da mutanen da ke tsara masa lokaci. A wurin ta'aziyya kuwa, ko da wasa kada ka ɗauko maganar aiki. Ka yi addu'a ka tashi. Wanda ya miƙa CV a zaman makoki, ana tuna shi, amma ba da alheri ba.

An ba ni lambar wani. Me zan rubuta masa?

Kada ka aika "Slm" ka yi shiru kana jiran ya amsa. Mutum mai hidima ba zai amsa ba. Ka haɗa komai a saƙo ɗaya: sallama, sunanka, wanda ya ba ka lambar (bayan ka nemi izininsa), abin da kake so, da godiya. Ban da saƙon murya mai tsawo, ban da kira da daddare, ban da tura masa hotunan barka da safiya kullum.

Dandalin intanet na ma'aikata, LinkedIn, yana da amfani in kana harin ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, bankuna ko kamfanonin fasaha, don can suna dubawa da gaske. A ma'aikatun gwamnati kuwa har yanzu zuwa da ƙafa da WhatsApp sun fi shi tasiri. Ka kuma tuna duk wanda zai sa baki a kanka yana iya leƙa Facebook ɗinka, ya ga irin zagin da kake yi a kan siyasa.

Na nemi taimako an ce "za a duba," shiru har yau. In ci gaba da tuntuɓa?

Ka tuna masa sau ɗaya bayan mako biyu, cikin ladabi, in da wani sabon abu ka haɗa da shi, misali an tallata gurbin ko ka kammala wani kwas. In an sake yin shiru, ka bar maganar amma kada ka bar mutumin. A al'adarmu babba ba ya son cewa "ba zan iya ba," sai ya ce "Allah ya sa mu dace," kuma sau da yawa ba shi da ikon da kake zato. In ka ci gaba da gaishe shi ba tare da tayar da zancen ba, ka sauke masa nauyi, kuma ƙofar tana nan a buɗe.

Yaya ake samun ubangida a wurin aiki, kuma ba haɗari a ciki?

Ba a zuwa a ce wa mutum "ka zama ubangidana." Ana farawa ne da tambaya guda takamaimai, ya ba ka shawara, ka je ka aikata, ka dawo ka gaya masa yadda ta kaya. Wannan dawowar ita ce mutane suke mantawa, kuma ita ce take sa babba ya ji bai yi asarar bakinsa ba. Ka fi neman wanda ya girme ka da mataki biyu ko uku. Shi yana da lokaci, bai manta da irin matsalarka ba, kuma zai daɗe a aiki. Babban Sakatare ba shi da lokacinka, kuma ya kusa tafiya.

Haɗarin yana nan. In aka san ka da "yaron wane," abokan gabarsa sun zama naka, kuma ranar da aka ɗauke shi kai za a fara huce wa. Maganinsa shi ne ka sami masu ba ka shawara fiye da ɗaya, a sassa daban-daban, har da wajen ma'aikatarku, kuma ka yi wa kowane shugaba aiki da gaskiya ko ba naka ba ne. Ka kuma bambance biyayya da fadanci. In ubangida ya fara tambayarka me wane ya ce a bayansa, ya mai da kai ɗan rahoto ke nan, kuma ofis ba ya yafe wannan. Duba amsar da ke sama kan kamun ƙafa game da yadda kujeru ke juyawa.

Sai manya kaɗai zan nema?

Wanda ya san ma'aikata ba zai yi wannan tambaya ba. Sakatariyar darakta ce take sanin ranar da yake cikin walwala da ranar da bai kamata a shiga ba. Ma'aikacin rajista ne ya san teburin da fayil ɗinka ya kwana. Masinja da direba suna jin labarin canjin wurin aiki kafin takarda ta fito. Ka san sunayensu, ka gaishe su kamar yadda kake gaishe da oga, ka tambayi jikin yaron da aka ce ba shi da lafiya. Sa'anninka kuma su ne daraktocin gobe, kuma za su tuna wanda ya rufa musu asiri ranar da aiki ya cakuɗe da wanda ya kai su gaba.

Ni mace ce. Majalisar dare da sahun masallaci ba nawa ba ne. Ina zan bi?

Gaskiya ne, maganganu da yawa ana ƙulla su ne a wuraren da ba kya zuwa, kuma wannan rashin adalci ne da bai kamata a yi kamar babu shi ba. Amma akwai hanyoyi. Kusan kowace sana'a tana da ƙungiyar mata: FIDA ta lauyoyi, APWEN ta injiniyoyi, MWAN ta likitoci, NAWOJ ta 'yan jarida, SWAN ta akantoci. Manyan mata da suka riga ki sun san inda ramukan suke. Sai dai kada ki tsaya nan kaɗai, ki shiga kwamitin babbar ƙungiyar ma, kamar yadda aka yi bayani a amsar ƙungiyoyin sana'a, don can ake rabon dama.

Game da maza manya, ki sa ganawa ta zama a ofis, a lokacin aiki, kuma abin da aka tattauna ki bi shi da saƙo a rubuce. Duk wanda ya ce maganar aikinki sai a otal ko bayan isha, ba maganar aiki yake yi ba. Ki adana saƙonninsa. Dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015 tana aiki a Babban Birnin Tarayya, kuma hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, ce aka ɗora wa kula da aiwatar da ita a nan.

Tsaraba da goron salla fa? Ina iyakar kyauta da cin hanci?

Ka'idar ɗa'ar ma'aikata da ke Jadawali na 5 na Tsarin Mulkin 1999 ta hana jami'in gwamnati karɓar kyauta saboda wani abu da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa. Ta bar ƙofa ga kyautar 'yan uwa da abokai a lokutan da al'ada ta sani. Dokar hukumar yaƙi da cin hanci (ICPC) ta 2000 kuma tana kama mai bayarwa kamar yadda take kama mai karɓa.

A aikace, ka duba abu biyu: lokaci da ɓoyo. Ka dawo daga Jos da buhun dankali an raba wa duk 'yan ofis, ko ka kawo kilishi an ci a teburi, wannan tsaraba ce. Amma in fayil ɗinka yana gaban mutum, ko kamfaninku yana neman kwangila a wurinsa, ko kuma kyautar irin wadda ba ka son abokan aiki su gani ce, to ka san sunanta ko da ka kira ta na goro.

Wani ya ce yana da hanya, in biya kuɗi a ba ni gurbi. In yarda?

Kada ka yarda. Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Tarayya ba ta sayar da gurbi, kuma neman aiki a shafinta kyauta ne. Sayar da guraben aiki ya yi ƙamarin da a 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna bincike a kai. Abin da ya fi ciwo shi ne sau da yawa mai kawo tayin ɗan gari ne ko abokin wani ɗan uwa, shi ya sa ake sayar da fili ko dabbobi a ba shi. Ƙarshenta ko ya kashe waya, ko ya kawo takardar ɗauka ta jabu wadda za ta tonu ranar tantancewa ko shiga tsarin albashi na IPPIS. Kuma wanda ya biya ba shi da bakin kai ƙara cikin kwanciyar hankali, don shi ma ya taka doka.

A aikin gwamnati ai ƙarin girma da ka'idarsa. Me sanin mutane zai ƙara?

Ka'idar tana nan: mai digiri yakan fara a matakin albashi na 08, daga mataki na 07 zuwa 14 ana jiran aƙalla shekara 3 kafin a cancanci zama jarrabawar ƙarin girma, daga 15 zuwa sama shekara 4, kuma sai da gurbi. Ba wanda zai rubuta maka jarrabawar. Inda mutane suke shigowa shi ne abin da ke tsakanin matakan: sashen da za a tura ka, wanda za a sa a kwamiti, wanda za a aika kwas, wanda za a ba riƙon ƙwarya in shugaba ya yi tafiya. Waɗannan ba a tallata su, ana zaɓar wanda aka sani ne kuma aka amince da aikinsa. Ma'aikata biyu suna iya kai mataki na 14 a shekara ɗaya, ɗaya ya zagaya sassa huɗu ya san aikin ciki da waje, ɗayan yana teburin da ya fara.

Yanzu ni ake roƙo in sa baki, kuma ban yarda da aikin mutumin ba. Yaya zan yi?

Kada ka sa sunanka a kan wanda ba ka ga aikinsa ba, ko da ɗan yayarka ne. In ya je ya yi wasa da aiki, ba za a ce wane ya gaza ba, za a ce wanda ka kawo ya gaza, kuma na gaba da za ka kawo, ko ya fi kowa cancanta, ba za a saurare ka ba. Akwai taimakon da ba ya cin sunanka: ka gyara masa CV, ka nuna masa inda ake tallata gurabe, ka yi masa gwajin tambayoyin ganawa, ka ba shi ɗan aiki ka ga yadda zai yi. In gida suka matsa, kana iya haɗa shi da mutumin ka faɗi iyakar abin da ka sani: "Yallaɓai, ɗan uwana ne, ya karanta kaza, ban taɓa aiki da shi ba, a gwada shi a gani."